Kazar Ruwa da Alkawarin Baba

Wata Asabar cikin Nuwamba, a ƙarshen shekarun sittin, Baba ya kai mu bakin tafkin Van Cortlandt a unguwarmu ta Bronx, can ƙasar waje, ni da Inna da ƙanena Sani. Ina shekara tara, sanyi ya daskarar min da kunnuwa. A kan ruwan muka ga wasu tsuntsaye baƙaƙe masu farin baki, suna ninkaya suna kaɗa kai kamar tsofaffi a gidan biki. Ban taɓa ganin tsuntsu marar fasali irin wannan ba. In za ta tashi sai ta yi ta gudu a kan ruwa tana fantsama, kamar wadda aka kama da sata. Baba ya ce kazar ruwa ce, daga arewa take zuwa idan tafkunan can sun daskare, ta koma idan sanyi ya wuce. "'Yar cirani ce irinmu," in ji shi. "Hajara, ranar da ta tashi, mu ma mun tashi."

Baba direba ne a ofishin jakadanci, kuma Inna ta gaji da zaman ɗaki a Bronx, ga mahaifiyarta kwance a Bichi. A garinsu ɗan cirani ba ya bari damina ta same shi a waje, don haka ta ɗauki maganar da gaske. Duk Asabar, bayan na share matakala na kai wanki, sai mu tafi duba tafki. Muna dawowa Inna ta ƙara wani abu cikin akwatin ƙarfe, yau bargo, gobe agogon tsaraba.

Cikin Afrilu muka tarar da ruwa wayam. Inna ta dawo tana sauri har Sani na tuntuɓe. Baba na falo da abokansa, ana shan shayi ana ta lissafin gonakin da za a noma a gida, mutanen da ko fartanya sun manta nauyinta. Ya ji labari, ya gyara hula, ya ce, "Ai sai baɗi." Suka yi dariya. Tun daga ranar na raina zancen falo, har yau kuma ban sauya ba.

Kajin suka dawo, suka sake tafiya. A karo na uku Inna ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ce masa, "Malam, ni damina ta kira ni," ta ɗauki Sani ta tafi, ta samu tsohuwa da sauran numfashi. Ni aka bar ni saboda makaranta.

Yanzu ina safarar leshi da atamfa tsakanin nan da Kano, kuma wanda ya ce min baɗi ba na sake ajiye masa kaya. Baba a nan aka binne shi. Wani lokaci nakan bi ta bakin tafkin da hunturu, sai in ji ina neman hannun Inna cikin aljihun kwat ɗinta. A gidanmu ita kaɗai ta san lokacin tashi.