Tarina da Hannun Wanzamin Damari

Ban taɓa mantawa da ranar da majinyaci ya gano mini ciwona ba, shi yana kwance da rabin jiki, ni ina tsaye a kansa cikin yunifom. Ku sababbin ma'aikata da kuke laɓewa in kun jiyo takuna, ku zauna ku ji, don ku san wadda kuke tsoron ma an taɓa yi mata dariya har ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Ni atenda ce a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Ƙanƙara. Ga wanda bai sani ba, atenda ba nas ba ce. Ba ma allura, ba ma rubuta magani. Mu ke ɗaga mara lafiya, mu juya shi, mu canza zanen gado, mu tura keke, mu kori 'yan dubiya in lokaci ya yi. Ban taɓa shiga aji ba, don haka jarina duka ido ne. In matar mai hawan jini ta ɓoye kilishi ƙarƙashin tuwo, zan gani. In nas ta shigo da farce mai tsawo, zan gani. Shi ya sa suka laƙaba mini Inna Kwastan, suna zaton ban sani ba.

To amma ina da wani tari. Busasshe ne, ba majina, ba zazzaɓi, sai dai ya taso ya shaƙe ni har idona ya kawo ruwa, ya tafi. Shekara da shekaru ina fama. Babu wanda ban ɗora wa laifinsa ba. Na ce ruwan goge ƙasa ne, sai da metiron, shugabar nas-nas, ta canza wani. Na ce turaren nas-nas ne, na hana su fesawa. Akwai wata baiwar Allah mai gasa masara a bakin ƙofa, na matsa sai da ta koma tsallaken titi. An ɗauki hoton ƙirjina, aka ce tas yake. Zuma da citta da kanumfari kuwa na sha abin da zai ishi unguwa.

Wata bazara, ana jiran ruwan shuka, aka mayar da ni ɗakin gashin ƙashi. Nan ne ake koya wa gaɓoɓi aiki bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki. Mai ɗakin Malam Nura ne, mutumin Faskari, likitan gashin ƙashi, sa'an ɗana na fari. A lokacin ya shigo da wata na'ura da ba ta wuce girman sabulu ba, da siririyar waya, a ƙarshenta ɗan matsi kamar wanda ake maƙale wanki a igiya. A kunnen hagu ake maƙala shi, wajen ɗan kwarmin nan na bakin rami.

Ga yadda ake yi. Da farko a auna jini da bugun zuciya. A tambaya ko an taɓa sa wa mutum batir a zuciya, in mace ce ko tana da ciki, don waɗannan ba ya sa musu. Sai in goge kunnen da auduga, shi ya maƙala, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mutum ya ce ya ji tsir-tsir. In ya kai ga zafi an wuce wuri, sai a rage. Daga nan mara lafiya ya shiga motsa hannu: ya kai wa kofi, ya damƙi ƙwallo, ya saki, ya sake.

Malam Nura ya yi mini bayani tun ranar farko. Ya ce akwai wata doguwar jijiya, begas suke kiranta, da ta fito daga gindin ƙwaƙwalwa ta gangaro ta wuya, ta leƙa maƙogwaro, ta je zuciya da huhu, ta sauka har ciki. Ita ke rage wa zuciya gudu in mutum ya natsu. Galibin aikinta kai rahoto sama ne, daga jiki zuwa kai. Wani ɗan reshenta ya ɓullo kusa da fata a kunne. In an tsikare shi a hankali, saƙon na hawa gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke farkar da sassan lura da koyo. Fatan shi ne, in hannu na gwada aiki a daidai wannan lokacin, ƙwaƙwalwa za ta fi riƙe sabuwar hanyar da take nema. Ya ƙara da cewa har yanzu masana na kan bincike, kuma ba ta maye gurbin motsa jiki.

Na ce, "To." A raina kuwa na ce hannu ke ciwo, kunne ake wa magani, lallai boko ya kai inda ya kai.

Cikin wannan hali aka kawo Baba Tanko daga Damari ta ƙasar Sabuwa. Wanzami ne. Hawan jini ya kayar da shi yana tsakiyar yi wa wani aski, ɓarin dama ya shanye. Ƙafa ta fara dawowa, magana ta dawo duk da bakin a karkace yake, amma hannun dama na nan kwance kan cinyarsa kamar na aro. Da wannan hannun ya ci abinci tun yana saurayi, da shi ya yi wa rabin garinsu askin suna.

Da ya ga matsin, sai ya kau da kai.

"Mi ne ne wanga? Ɗan kunne za a sa mini da hurhurata?"

Malam Nura ya maimaita masa bayanin jijiya. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Likita, ni ma ina taɓa jikin mutane. In baya ke ciwo, a baya nike kafa ƙaho. Ban taɓa kafa shi a goshi ba."

Wallahi da ƙyar na hana kaina gyaɗa kai.

Daga nan tsohon ya yi zuciya da ɗakin baki ɗaya. Ba na'urar kaɗai ya ƙi ba, har ƙwallon ya daina karɓa. Malam Nura ya ce masa a bar maganar kunne, a yi motsin kawai, tsohon ya ce wanda ya rasa inda ciwo yake ba zai koya masa riƙe kofi ba. Babban ɗansa Sale kuma ya fara maganar tafiya. Ya ce da zarar ruwa ya sauka dole su koma gona, ba mai zaman jinya, hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba. Malam Nura ya ja ni gefe ya ce, "Inna, watannin farkon nan su ne masu daraja. In ya koma gida ya naɗe hannun nan cikin riga, yatsun za su ƙage." Duk mun san haka. Mun sha ganin irinsa.

Aikina a kwanakin shi ne in tsaya a kansa in tabbatar bai sulale daga gado ba, kuma ba a shigo masa da gishiri ba. Ina tsaronsa, ashe shi ma ya samu abin kallo.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi ne, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Sale har ya ɗaure tabarma. Ɗakin cike: Malam Nura, nas biyu, da wasu mata masu jiran layi. Tarin ya taso mini, na yi ta yi har na dafa bango. Da na samu numfashi sai na juya kan nas ɗaya, Hafsatu.

"Ke ce ko? Ban hana ki turaren nan ba?"

"Wallahi Inna ko mai ban shafa ba yau."

Sai murya ta fito daga kan gado, a hankali, kalmomin na jan ƙafa.

"Hajiya, ƙyale yarinyar mutane. Tarinki a kunnenki yake."

Na ce, "Baba, ka kula da hannunka."

"Hannun ya ƙi aiki, shi ya sa na koma ido. Tun da aka kawo ni nike kallonki. Ba ki taɓa tari ba sai kin zaro tsinken nan na cikin ɗankwalinki."

To gaskiya ne akwai tsinke. Na tsintsiya ne, ina soke shi a gefen ɗankwali. In na tsaya ina sa ido a kan mutane, hannuna kan lallaɓa ta ƙarƙashin hijabi ya sosa mini cikin kunne, ba tare da na ma san ina yi ba. Ni da na sha ƙwace ashana da murfin biro daga hannun majinyata, ina yi musu faɗan za su fasa dodon kunne.

Na ce ƙarya ne. Ya ce in ƙarya ne in nuna hannuna. Na buɗe tafin, ga tsinke a ciki.

Hafsatu ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Matan layi ba su ma ɓoye ba. Ɗaya ta ce, "Yau an kama kwastan da kayan fasa-ƙwauri."

Baba Tanko ya ci gaba, yanzu har da jin daɗi. Ya ce a sana'arsa bayan aski yakan share wa mutum kunne da gashin zabo, kuma akwai waɗanda gashin na shiga sai tari. Ba kowa ba, ɗaiɗaiku ne. Akwai ma wani maƙeri da ya taɓa yin luuu a hannunsa kamar zai suma, sai da aka yayyafa masa ruwa. Ya ce bai taɓa sanin dalili ba, ya dai bar shi a halitta.

Malam Nura ya jawo kujera ya zauna dab da gadon. "Baba, mai tarin nan, a maƙogwaro ka taɓa shi?"

"A'a, a kunne."

"Wanda ya yi luuu fa, zuciyarsa ka taɓa?"

Tsohon ya girgiza kai.

"Ita ce jijiyar da nake faɗa maka. Kai da gashin zabo ka same ta, cikin rami. Ni daga bakin ƙofa nake ƙwanƙwasa mata, a hankali."

Baba Tanko ya dubi matsin. Can ya ce, "To a fara sa wa Hajiya in gani."

Na ce ina, ni lafiyata ƙalau. Malam Nura ya dubi tabarmar da Sale ya ɗaure, ya dube ni. A waje iska ta fara kaɗa ƙyaure.

Tun rasuwar maigidana babu namijin da ya ga kunnena. Na zauna, abin da ba a taɓa ganin na yi a bakin aiki ba. Aka auna ni, aka yi mini tambayoyin da nake jin ana yi wa wasu. Da aka zo kan tambayar ko ina da ciki, Hafsatu ce ta yi ta da fuska a ɗaure, ɗakin ya sake fashewa da dariya. Na zame hijabi gefe, ita ta goge mini kunnen, ta ɗaga audugar ta duba, ta yi kamar za ta yi magana, na harare ta.

Tsir-tsir na ji, kamar ƙananan tururuwa na zagaye wuri ɗaya. Ba zafi. Baba Tanko ya zuba mini ido yana jiran in zabura. Na ƙudurta ko motsi ba zan yi ba. Na kafe, na haɗe rai, ina kallon bango. Abin da na sani bayan nan shi ne Hafsatu na taɓa kafaɗata tana cewa, "Inna, an gama." Wai har da minshari. Na musa, shaidu sun yi yawa.

Daga baya na tambayi Malam Nura ko na'urar ce ta sa ni barci. Ya ce wasu kan ji natsuwa, amma shi ya fi zargin kujerar, tunda jikina bai san ta ba.

Baba Tanko ya yi dariya da rabin baki har ya ƙware. Ya ce, "Abin da ya kwantar da wagga mata, ai ba wasa ba ne. Kawo kunnen nan, Likita." Ruwa ya sauka da la'asar. Sale ya tafi gona washegari, ya turo ƙanwar tsohon ta karɓi jinya.

Kada ku zaci abin al'ajabi ya faru. Wahala aka sha. Kullum matsi a kunne, hannu na rarrafe zuwa ga kofi, kofi na faɗuwa, ni ina ɗaukowa. Wata rana tsohon ya zagi ƙwallon, wata rana ya zage ni. Kafin gero ya fitar da kai, yatsu uku sun fara damƙa. Na tambayi Malam Nura nawa ne rabon na'ura a ciki, nawa ne na naci. Ya ce ba zai iya raba mini ba, kuma duk wanda ya ce zai iya a kan mutum ɗaya, cika baki yake. Aska dai Baba Tanko bai sake riƙe ta a kan kowa ba, Sale ya gaji zabirar aski. Amma ya koma Damari yana kai loma bakinsa da dama, yana miƙa ta a gaisa.

Ni kuma an duba kunnen, aka tarar na ƙuje shi, aka ba ni magani na ɗigawa, aka raba ni da tsinke. Tarin ya ɗauke. Nas-nas suka dawo da turarensu, har da ƙari. Da ƙafata na tsallaka titi na ce wa mai masara ta dawo inuwarta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce can ɗin ya fi ciniki.

Bayan kaka Sale ya zo karɓar maganin hawan jini, ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin ƙyalle. Gashin zabo ne guda, an fige shi an bar tuntu a kai, irin na wanzamai. Yankan a karkace yake, wani gefen ya fi wani.

"Baba ya ce da hannun dama ya gyara shi. Ya ce kuma kada ki kuskura ki sa."

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a aikinmu mai tsaye yana zaton shi kaɗai ke gani, alhali na kwance ba shi da abin yi sai kallo. In mara lafiya ya ƙi magani, kafin ku ce taurin kai ne, ku tambaye shi abin da ya sani, wataƙila a can ƙofar take. Gashin zabon yana nan soke a ɗankwalina, inda tsinken yake a da. Wani lokaci ina tsaye ina harararku sai in ji hannuna ya kai gare shi, in tuna, in sauke.