Tsakar Gidan da Na Rufe wa Inna

Akwai abin da ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin zan manta da shi, domin kullum a kansa nake takawa. Duk baƙon da ya shigo gidana a Yelwa sai ya tsaya ya ɗaga kai. Zai ga fili a tsakiyar gida, daɓen siminti mai santsi irin na falo, ga makunnin fanka a bango, amma babu fanka, babu silin, babu rufi, sai sararin Allah. Masu kawaici su yi shiru, masu baki su tambaya. Nakan yi dariya in ce iska nake so. Ba iska ba ce.

Lokacin ba a yi shekaru da yawa da ba mu jiharmu ta Kebbi ba, ina aikin zanen gine-gine a wani ofishi nan Yelwa. Fensir ne da rula da teburi mai gangara, haka muka taras, haka muke yi. Sai aka tura ni Kaduna na 'yan makonni in koyo zane da kwamfuta. Na dawo kaina ya kumbura. Na tsaya gaban abokan aikina, cikinsu har da waɗanda suka koya mini riƙon fensir, na ce zamanin fensir ya wuce, kowa ya nemi abin yi. Sai suka laƙaba mini suna injiniyan akwati, don su akwati suke ce wa kwamfuta. Da kwamfutar ta iso, guda ɗaya tak, aka sa ta a wani ɗaki can ƙarshen baranda wanda da sito ne, aka miƙa mini mabuɗi. Daga ranar na rabu da mutane. Su suna gindin mangwaro suna hira suna cin soyayyen kifi, ni ina ciki ni kaɗai, ƙofa a rufe don kada datti ya shiga na'ura.

Ban yi aure ba a lokacin. Ɗaki ɗaya nake haya, in tashi aiki in sayi tuwo a leda in ci ni kaɗai. Mahaifinmu ya rasu, Inna tana ƙauye kusa da Wara tare da ƙanwata, inda aka zaunar da danginmu tun da ruwan Kainji ya cinye garinmu na asali. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon idona. In za ta yi mini magana sai ta juya wajen ƙanwata ta ce, “Ce mai ga abinci nan,” alhali ga ni zaune kusa da ita. Na san tana sona, amma sai dai in gane a yawan kifin da take zuba mini. Burina ɗaya a duniya shi ne in gina gida a fulotin da na samu a bayan gari, in ɗauko ta ta zauna tare da ni. Na gaji da shiga ɗaki in yi sallama babu mai amsawa.

Sai na ce zanen gidan Inna shi ne zai zama aikina na farko a kwamfuta, kowa ya gani. Na kuwa faɗa wa kowa.

Abin da nake so ba wani abu ne mai wuya ba. Zaure a gaba, ɗakin Inna a gabas, nawa a yamma, ɗakin girki da sito a baya, sannan tsakar gida a buɗe, irin wadda na girma a cikinta, inda ake daka, a shanya kifi, a yi wanki, maƙwabta su shigo su zauna. Manhajar da nake aiki da ita, furogiram muke ce mata a lokacin, an yi ta ne a ƙasar da ba su san wannan zama ba. Tana da wayo nata: duk inda bango huɗu suka haɗu, sai ta ce ɗaki ne, ta yi masa daɓe ta ɗora masa rufi da kanta. Ina gama jera ɗakuna kewaye da fili, sai kawai na ga ta kife wa tsakar gidan rufi, ƙaton gaske, kamar an kifa ƙwarya.

Na goge rufin. Ina taɓa wani bango ya dawo. Na sake gogewa, ya sake dawowa. Na bar 'yar kafa a bango ɗaya don kada ta gane fili ne rufaffe, sai rufin sauran ɗakunan ya karkace, wani kan wani, abin ba kyan gani. Na gwada zana kowane ɗaki a matsayin gida mai zaman kansa, na'urar ta daskare, linzamin kwamfutar ya ƙi motsi, kafin in yi wani abu aka ɗauke wuta, aikin kwana uku ya tafi. Na cire manhajar gaba ɗaya na sake sa ta daga faifai, sau biyu, tana dawowa da halinta. Littafin bayanin da ya zo da ita kaurinsa ya kai bulo, na karanta har idona ya yi ja, ban ga inda aka ambaci gida mai buɗaɗɗen ciki ba. Ko akwai, ban san sunan da suke kiransa ba balle in nema.

Wa zan tambaya? Daga Yelwa zuwa Shanga zuwa Wara, ban san mutum ɗaya da ya taɓa buɗe irin wannan manhaja ba. Wayar hannu ba ta zo ba tukuna. Na rubuta wasiƙa zuwa ga malamin da ya koyar da mu a Kaduna, na ba wani direba, na zauna jira. Sati biyu, sati uku, shiru. In na fito shan iska sai wani daga gindin mangwaro ya ɗaga murya ya ce, “Injiniya, gidan ya hito daga akwatin ko har yanzu?” Su yi dariya, ni ma in yi, in koma ciki in rufe ƙofa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na makonnin nan ba. Ga mutane taku ashirin daga inda nake, amma bakina ya riga ya rufe mini hanyar zuwa wajensu.

Fensirina yana cikin durowa. Da na ɗauko shi, kafin la'asar na gama zanen. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Ban ɗauko ba, don kada a ce akwati ya kayar da injiniya.

Wata safiya na zauna ina kallon rufin nan a allon kwamfuta, sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka basira ce. Na ce to, tunda ta nace ɗaki ne, bari ya zama ɗaki. Na rubuta masa suna falo. Na sa masa fanka biyu da tagogi can sama kusa da silin. Nan take komai ya daidaita, babu gargaɗi, babu daskarewa, zane ya fito tsaf. Na buga shi a takarda na fita da shi gindin mangwaro, aka yi ta juya shi ana jinjina kai. Na ce musu ai haka gidajen zamani suke.

Ranar kasuwa na kai wa Inna. Tana zaune a tsakar gidanta tana gyaran kifi, mata biyu na maƙwabta suna taya ta. Na shimfiɗa takardar a kan tabarma na yi ta bayani, ga ɗakinki, ga falo, ba rana ba ruwa. Ba ta kalli takardar ba, ba ta kalle ni ba. Ta juya wajen ƙanwata ta ce, “Ce mai Allah shi yi albarka.” Na ɗauki wannan a matsayin amincewa, alhali na san ko rami na zana mata abin da za ta ce ke nan.

Mutum ɗaya ne ya yi mini magana, tsohon birkilan da na ba aikin. Ya daɗe yana duban takardar, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, sannan ya ce, “Malam, tsakar gida fa, ina ta tahi?” Na ce ta zama falo. Ya ce, “Tsohuwa za ka aje cikin wanga?” Na ce masa shi dai ya bi zane. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya bi zane har aka gama ginin.

Farkon damina Inna ta tare. Ƙanwata ta rako ta, ta yi kwana uku ta koma ɗakin mijinta. Ni dai murna kamar in yi tsalle. In dawo aiki in yi sallama a amsa, in tarar da tuwo da zafinsa. Ban lura turminta yana jingine a sito ba a taɓa shi ba. Ban lura babu macen da ke shigowa ba, don wa zai cire takalmi ya ratsa falon ma'aikaci haka kawai ya ce ya zo hira? Ban lura tana ramewa ba. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, kuma babu ƙanwata balle a ce “ce mai”. Mu biyu a gida, kowa shi kaɗai.

Wata rana aka ɗauke wuta tun safe, babu aikin yi, na dawo gida kafin azahar. Na duba falo ba ta nan, ɗakinta ba ta nan. Na zagaya bayan gida, sai ga ta a ɗan lungun da ke tsakanin bangon ɗakin girki da katanga, wurin da faɗinsa bai kai tabarma a shimfiɗe ba, kusa da ramin da ruwan wanka ke gangarawa. Ta naɗe rabin tabarmar ta zauna, ta jingina da bango, ta ɗaga kai tana kallon ɗan siririn saman da ke bayyana tsakanin kwano da katanga.

Na juya zan koma, sai na ji ta ce, “Kai. Zamna.”

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta yi mini magana kai tsaye haka ba. Na durƙusa a inda nake.

“Tun da niz zo gidanga ban ga hadari ya taso ba,” in ji ta. “Sai dai in ji ruwa bisa kwano. Ban sanin azahar ta yi sai na ji ladan. Can gida inuwa ka gaya min.”

Ban san lokacin da na fara faɗa mata gaskiya ba, gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba. Na ce wallahi Inna da tsakar gida na zana, na'urar ce ta ƙi, na yi na yi ta ƙi. Sannan ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, ba da faɗa ba, tambaya take da gaske.

“Ita na'urar taka, ita za ta zamna ciki?”

Ta mayar da kanta sama ta ce, “Ka maishe ni gida.”

Ranar Juma'a na mayar da ita. Kafin in sauke kayanta mata sun cika tsakar gidan, wata ta ɗauko turmi, wata ta kawo fura. Na ga Inna tana dariya har da tafa hannu, abin da ban gani ba tsawon zamanta a wajena. Na dawo Yelwa na yi sallama a ƙofar gidana, falon ya mayar mini da muryata.

Bayan kamar wata ɗaya direban nan ya zo ofis yana ba ni haƙuri, wai amsar wasiƙata ta daɗe a motarsa ya manta. Layi uku ne. Malamin ya ce in danna cikin filin sau biyu, akwatin bayanin ɗaki zai buɗe, in sauka can ƙasa zan ga wurin da aka yi alama cewa a yi rufi, in cire alamar. Na shiga ɗakin kwamfuta na buɗe tsohon zanen na yi yadda ya ce. Rufin ya ɓace. Ko minti ɗaya ban yi ba. Na zauna ina kallon tsakar gidan Inna a allo, a buɗe, yadda na so ta tun farko, hawaye na zuba, babu ko wanda zan nuna wa.

Da damina ta wuce na nemo kafinta da tsohon birkilan, muka kwance kwanon falon da silin, birkilan ya fasa mini hanyar ruwa a gindin bango. Bai ce ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Na aika wa Inna. Ta ce sai an gama girbi. Bayan girbi ta zo tare da ƙanwata, amma da ƙullin kayan kwana biyu kawai. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar filin ta zauna, ta yi ta kallon inuwar bango tana matsowa. Can sai ta miƙe ta ɗauki buta, tana gama alwala ladan ya kira azahar. Ta juya wajen ƙanwata ta ce, “Ce mai yanzu gida ya yi.”

Gida ya yi, amma ba ta dawo zama ba. Ta riga ta ɗanɗani zaman kaɗaici a wajena, ba ta son ƙari. Ziyara biyu ta ƙara yi, shekara ta zagayo Allah ya karɓi abarsa a can ƙauye, ni ina nan Yelwa.

Na zana gidaje da yawa bayan nan, wasu da kwamfuta, wasu da fensir in ta yi mini gardama. Abin da na koya shi ne, in kayan aiki ya gagare ka, ka buɗe baki ka ce ya gagare ni, kada ka rage wa mutum buƙatarsa don ka rufa wa kanka asiri. Kafin in ja layi ko ɗaya yanzu, sai na tambayi kaina wa zai zauna a ciki. Makunnin fankar nan kuwa na hana a cire shi. Kullum in inuwa ta iso ƙarƙashinsa nakan san azahar ta yi, in tashi in ɗauki butar Inna.