Frau Keiner, Mai Mayar da Biyu Ɗaya

Mutanen garinmu da ke bakin kogin Lahn, a Jamus, masu goge gilashin kyamara ne tun kakanni. Da wuya ka sami gidan da babu wanda ya taɓa aiki a masana'antar kyamara da ke bayan tashar jirgi. Ba su rasa aiki ba, ba su rasa burodi ba. Abin da suka rasa a kakar bana shi ne tabbaci. An ce sabuwar kyamara za ta fito kafin Kirsimeti. Waɗanda suka gan ta an hana su magana, waɗanda ba su gan ta ba kuwa bakinsu bai huta ba.

A shagon burodi wani zai ce an cire allon bayanta, wani ya rantse ƙara masa faɗi aka yi. An ce batirinta zai kai kwana biyu. An ce za ta zo da rigar fata, da ɗan ƙarfen da babban yatsa zai riƙe, da wani abin leƙe mai lantarki da ake ɗorawa a samanta. A nan ne muryoyi kan yi ƙasa, domin in wannan ya isa, wa ya san ko za a bar tsohuwar tagar da ake leƙawa a jikin kyamara?

Irmtraud Keiner, wadda muke kira Frau Keiner, wato Malama Keiner, ba ta shiga wannan gardama. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana aikin wannan taga, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ƙarfe shida da rabi take jingine kekenta, ta wanke hannu, ta zauna fuskantar tudun da ke ƙetaren kogi. Ba ta shan kofi sai goma ta wuce, don kada yatsunta su yi rawa.

Irin kyamarar garinmu ba ta auna nisa da kanta. Mai ɗaukar hoto yana leƙa taga, ya ga mutumin da ke gabansa ya zama biyu: na gaske, da wani mai dusashen launi a gefensa. Yana juya zoben gilashi, na biyun ya matso a hankali har ya shige cikin na farko, sannan ya danna. Wani ɗan madubi ne a ciki, wanda bai kai farce ba, yake yin wannan. Aikin Frau Keiner shi ne daidaita shi. Takan saita kyamara kan tsohuwar hasumiyar da ke kan tudu, ta murɗa sukuru kaɗan kaɗan har hasumiya biyu su zama ɗaya, sannan ta sa ɗan alama da fensir a cikin murfi, inda mai saye ba zai taɓa gani ba.

Abokan aikinta sun shaida ranar da ta mayar da tire guda na kyamarori, injin awo yana cewa lafiyarsu lau, ita tana cewa a'a. Da aka bincika, injin ne ya goce. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gidanta ya faru, wata Asabar da hantsi, a watan jiya.

Hazo ya taso daga kogi ranar, ya shafe tudu da hasumiya. Tana zaune da maƙwabcinta Ottmar Bepler, wanda suka yi shekara talatin benci ɗaya a masana'anta kafin ya yi ritaya, yana cin kek ɗinta na tuffa yana kushe shi.

"Irmtraud, sukarin nan da awon masana'anta kika sa shi? Ko alamarsa ban ji ba."

"To ajiye mana. Yanki na uku ke nan kana neman sukarin."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Merle ce, 'yar shekara tara, 'yar ajina a makaranta. Mahaifinta Torsten ya faɗi a kan tudun nan a bazara, yana yawo da kyamara a wuya, zuciyarsa ta tsaya. Tun daga lokacin yarinyar ta daina wasa. Takan roƙi a bar ta ta koma gida tun kafin tara, kuma an ce bin mahaifiyarta take daga ɗaki zuwa ɗaki. Mun ɗauka baƙin ciki ne kawai.

Ta shigo rungume da wani abu a cikin tawul.

"Frau Keiner, gaskiya ne sabuwar ba ta da taga?"

"Ga wadda ta sani nan," in ji Ottmar, "amma ko matse ta za ki yi ba za ta faɗa ba. Na gwada."

Frau Keiner ta dubi tawul ɗin. "Me ya haɗa ki da sabuwa, 'yar nan?"

"In ba ta da taga, ba za ta nuna ba."

"Ta nuna me?"

Merle ta warware tawul. Kyamarar mahaifinta ce, an liƙe tagoginta na gaba da filastar ciwo, ɗaya kan ɗaya. Ta yi magana tana kallon tebur.

"Bayan an binne Papa na leƙa. Mama tana wanke kwanuka. Na juya zoben yadda Papa ya koya min, amma ba ta shiga ba. Ta biyun tana sama da Mama, tana fita ta kanta. Na juya, na juya, ta ƙi sauka. Papa kullum yana leƙawa, ya mutu. Yanzu kuma na leƙa Mama."

Ottmar ya ajiye cokali mai yatsu.

Frau Keiner ba ta yi dariya ba, ba ta ce maganar yara ce ba. Ta ɓare filastar a hankali, ta ɗaga kyamarar, ta leƙa yarinyar ta taga. Ita da kanta ta faɗa daga baya cewa tsigar jikinta ta tashi. Ga Merle zaune kan kujera, ga wata Merle mai launin toka tana ɗagowa daga kafaɗunta, idanu huɗu suna kallonta ba ƙiftawa. Ta san dalilin sarai, amma sai da ta sauke hannu. Wata huɗu yarinyar tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

"Na gani," ta ce. "Ba ƙarya kika yi ba."

Ta juya kyamarar, ta nuna mata wata 'yar lotsewa a kusurwar sama. Ta buɗe murfi, ga alamar fensir. Hannunta ne ya daidaita wannan, shekara goma sha biyu da suka wuce.

Ta leƙa waje. Babu hasumiya, babu tudu, farin hazo kawai. Kuma ta san ko da akwai, ba hasumiya ce ke damun yarinyar ba.

"Ottmar, ɗauki hularka ka kira min Silke."

"Ni da gwiwar nan?"

"Gwiwar da ta kawo ka cin kek. Tashi."

Silke, mahaifiyar Merle, ta zo da rigar aikin gida a jikinta, ba ta san me ake ciki ba. Frau Keiner ta roƙe ta ta tsaya a lambu, gindin bishiyar tuffa, kada ta motsa. Ta tsaya can cikin hazo, ƙafafunta ba a ganinsu sosai.

Frau Keiner ta kafa kyamarar kan maɗori mai ƙafafu uku a bakin tagar ɗaki, ta cire ɗan murfin gaba, ta zura siririyar sukudireba.

"Ke za ki leƙa. Ni ba na gani daga nan, ke ce idona."

"Ba na so."

"Na sani. Riƙe hannun rigata."

Merle ta riƙe, ta sa ido.

"Tana nan. Tana sama."

Frau Keiner ta murɗa, abin da bai kai kaurin gashi ba.

"Ta ƙara tashi! Frau Keiner, ta ƙara tashi!"

"Laifina ne, na bi hagu. Kin ga ke nan hannuna take bi. Yanzu fa?"

Frau Keiner ta ci gaba da murɗawa dama a hankali.

"Tana saukowa." Muryar ta dawo raɗa. "Kaɗan. Kaɗan kuma. Idonta ya kusa... tsaya! Ta shiga."

Ta daɗe ba ta ɗauke ido ba. Ta juya zoben, Mama ta rabu gefe da gefe, ta mayar, ta haɗe. Sau biyar ta yi haka. Sannan ta tambaya ko Papa ma ya ga mutane suna tashi.

"Bai gani ba. Lafiya lau kyamarar take a hannunsa. Dutse ne ya buge ta nan lokacin da ya faɗi, madubin ya goce."

Frau Keiner, ke ce kika zauna shekara arba'in da ɗaya kina gyara abin da ba a gani sai ya lalace. Ke ce ba ki ce wa yarinya babu komai ba, kika leƙa inda ta leƙa, kika ba ta aikin yi da idonta. Sunanki ba ya jikin kyamara ko ɗaya, kuma ranar da sabuwar za ta fito ba za a kira ki kan dandamali ba. Mun gode, mai mayar da biyu ɗaya. Mu malamai da iyaye, in yaro ya zo mana da abin tsoro a naɗe, mu yi yadda kika yi, mu buɗe mu duba tukuna.

Merle ta koma zama a aji har a tashi. Ranar Asabar ɗin, a hanyar gida, ta riƙe hannun mahaifiyarta ta ce, "Mama, ba kyamarar ce ta kayar da Papa ba. Papa ne ya faɗi da ita. Kuma ban yi miki komai ba."