Ladan Attracta Folan

Attracta Folan ba ta taɓa riƙe sitiyari ba sai da ta haura hamsin, bayan rasuwar mijinta Máirtín. Kafin nan girki take yi a makarantar firamaren ƙauyensu, can bakin teku a yammacin Galway, kuma rabin magidantan yankin da miyarta suka girma. Ta sha faɗuwa gwajin tuƙi har masu gwajin suka haddace sunanta. Da ta samu lasisi sai ta sayi wata 'yar jar mota ta hannu. Ɗanta da ke Boston ya matsa mata lamba a waya sai ta sa an tsawaita mata garanti, don kada wata rana motar ta tsaya ta rasa na gyara. Ta yi mitarta ta gaji, ta biya.

Tun daga nan motar ta zama ta gari. Bas ba ta leƙo ƙauyen sai ta ga dama, don haka mai zuwa karɓar fansho da mai ganin likitan ido da mai zuwa jana'iza, duk ƙofar Attracta suke bugawa. Tuƙin nata kuwa sai haƙuri. Tsakiyar titi take bi, tana ɗaga yatsa daga kan sitiyari tana gaida duk wanda ta gani, har da tumaki.

Fasinjanta na kullum shi ne Festy Mannion, tsohon masunci, tuzurun da bai taɓa aure ba. Sau uku a mako take kai shi wankin ƙoda a asibitin birni, ta zauna ta jira shi, ta dawo da shi. Duk ƙauyen babu wanda ya kai shi rashi, babu kuma wanda ya kai shi girman kai da tsinin baki.

"Yarinya, da keke na hau da tuni na isa," haka yake ce mata, ita da take da jikoki.

"To sauka ka hau keken, tsoho. Ban kulle ƙofa ba."

Wata safiya suna hawan tudu motar ta yi wata irin ƙara ta ƙi gaba. Makanike ya duba ya ce giyabos ne ya tashi aiki, kuma abin da ya faɗa na gyara ya fi ƙarfin Attracta nesa ba kusa ba. Ba ta damu ba, ai don irin wannan ranar ta sayi garanti. Ta buga wa kamfanin waya, wani saurayi mai ladabi ya ɗauka ya shiga jero mata tambayoyi.

"Kina ɗaukar mutane a motar?"

"Kullum, ɗana."

"Haya ce, ko kuwa akwai wani lada da kike samu?"

Attracta ta yi dariya. "Lada? Ai don ladan ma nake yi. Yana can ana tara mini."

Duk wata tsohuwa a cocinsu ta san inda ake tara irin wannan lada. Shi kuwa yaron kamfani rubutawa kawai ya yi. Amsa ta zo cewa garantin bai shafi motar da ake ɗaukar mutane a cikinta don haya ko lada ba, kuma ga shi mai motar ta amsa da bakinta. Ta sake bugawa ta yi bayani har muryarta ta dushe. Kowa ya ba ta haƙuri cikin murya mai daɗi, babu wanda ya sauya ko wasali.

Da motar ce kaɗai, da ta haƙura. Amma yanzu motar marasa lafiya ce ke ɗaukar Festy tun da sassafe, ta zaga da shi ƙauyuka kafin ta kai asibiti, ta dawo da shi a galabaice ko shayi ba ya iya haɗawa. Ya fara tsallake rana, yana cewa wankin ƙodar ma yayi ne na 'yan birni. Ƙafafunsa suka kumbura. Attracta ta ji tsoro ƙwarai, don ta san inda tsallaken nan yake kai mutum. Ta sa rigar cocinta ta je ta shigar da ƙara a kotun ƙananan ƙararraki.

Aka ba ta shawara mai sauƙi: ta kawo waɗanda take ɗauka su shaida cewa ba su taɓa ba ta komai ba. Wanda ya ba da shawarar nan bai san mutanen ƙauyen ba. A ƙauyen nan, ka miƙe a gaban jama'a ka ce ka hau motar maƙwabciya shekara da shekaru ba ka taɓa kai mata ko ƙwai ba, ai gara a ce ka saci tunkiya. Duk da haka Attracta ta tara su a kicin ɗinta ta koya musu abin da za su faɗa, suka yi ta gyaɗa kai suna cin burodinta. Festy ne kawai ba ta kira ba, da gangan, don kada ta kunyata shi a gaban jama'a.

Ranar shari'a rabin ƙauyen suka cika bencin kotu. Aka fara kiran Delia Nee, ɗaya daga cikin maƙwabtan da take ɗauka. Alƙali ya tambaye ta ko ta taɓa ba mai ƙara wani abu. Delia ta buɗe baki, sai ta waiga ta ga maƙwabta sun zuba mata ido.

"Ranka ya daɗe, ni ba matsiyaciya ba ce. Ƙwan kajina bai taɓa yanke mata ba."

Shi ke nan, gasa ta buɗe. Wani maƙwabci, Colie Mulkerrin, ya ce shi buhun dankali yake kaiwa, ba ƙwai ba. Wani ya ce ƙaguwar teku yake kaiwa, kuma manya yake zaɓa mata. Lauyan kamfani yana ta rubutu yana murmushi, Attracta kuwa ta dafe kai da hannu biyu.

Sai aka ji ƙarar sanda daga baya. Festy ne ya miƙe da ƙyar, sanye da kwat ɗin da ta yi masa yawa. Alƙali ya ba shi izini.

"Ranka ya daɗe, duk waɗannan 'yan yawon buɗe ido ne. Ni ne mai hawa motar nan. Kujerar gaba ta lotsa daidai ni." Ya dogara da sandarsa. "Ban taɓa ba ta komai ba. Ba ni da shi. Takan saya mini shayi a asibiti, in sha in ce ya yi sanyi. Ko na gode ban taɓa ce mata ba."

Babu wanda bai san haka ba a ƙauyen, amma babu wanda ya taɓa zaton zai ji daga bakin Festy Mannion, don haka kowa ya sunkuyar da kai. Sannan alƙali ya ce ƙwai da dankali tsakanin maƙwabta ba kuɗin mota ba ne, kuma motar da babban fasinjanta ke hawa a kyauta ba motar haya ba ce. Ya umurci kamfani ya gyara.

A bakin kotu ana yayyafi. Attracta ta tarar da shi ya jingina da bango yana haki. Tausayinsa da haushinsa suka taru suka kama ta.

"Wa ya aike ka, tsoho? Don me kake tsammani ban kira ka ba?"

"Na gaji da waccan motar ce kawai. Direbanta ba ya tanka mini in na zage shi."

"Kuma ƙarya ka yi wa alƙali."

"Wace ƙarya?"

"Ka ce ba ka ba ni komai." Ta gyara masa wuyan kwat. "Tun da Máirtín ya tafi, in na shiga gidan nan da bango nake magana. In ba don masifarka ba, me zai tashe ni da safe? Kai ne ka..."

"Rufe bakinki, yarinya," Festy ya faɗa ƙasa-ƙasa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Lauyan yana bayanmu. So kike su fasa gyaran?"

Attracta ta kama hannunsa, suka gangara matakalar a hankali.