Shawarar Baba a Bakin Wani

Ina shekara ta biyu a wani kamfanin zanen gine-gine a Kano aka kawo mana aikin dogon benen ofisoshi, a wani gari na bakin teku. Masu shi suna son ginin da ba zai ci wutar lantarki ba sai kaɗan. Maigidanmu ya san mahaifina maginin ƙasa ne a ƙauyenmu, wajen Makoɗa, sai ya ce in kai shi wajensa.

Damina ce, kowa yana noman gyaɗa. Baba ya baro gona, ya wanke ƙafa, ya yi wa maigidan shimfiɗa a zaure. Maigidan ya dafa bango ya ce, "Irin wannan kaurin za mu yi."

Baba ya ce, "Alhaji, zafin garin busasshe ne ko mai gumi?"

"Mai gumi ne."

"To, kauri ba zai fisshe ku ba. Bango mai kauri na bazara ne. In iska ta jiƙe, hanya take nema."

Ya zagaya da shi yana nuna masa tagogi masu kallon juna, da 'yar kafar sama inda zafi ke fita, da rumfar da ke tare wa bango rana. Har la'asar maigidan yana rubutu, yana ɗaukar hotuna. Inna ta dama masa fura.

Bayan wata uku aka yi taron nuna zanen. Ni ke sauya hotuna a allo daga bayan ɗakin. Da kunnena na ji maigidan yana cewa dogon bincikensa ne ya gano masa cewa gini a ƙasar gumi hanyar iska yake so. Hoton zaurenmu ya fito. An yanke Baba, hannunsa kawai ya rage yana nuna taga. Aka yi ta tafi.

Da aka tashi na tare shi. "Ranka ya daɗe, ba a ambaci Baba ba."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Wace takarda gare shi?"

Na yi shiru. Shirun nan ne yake cin raina har yau.

Ran Juma'a na je gida na gaya wa Baba. Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Sun dai bar tagogin a zanen?"

Na ce sun bari.

Na ƙara shekara biyu a kamfanin don dole. Sau biyu maigidan yana cewa mu koma ƙauye da wasu baƙi, ina ce masa Baba ya yi tafiya.