Mai Fentin Tukwanen Kashe Gobara

Na je sayen maganin feshi a wani sito a hanyar Malam Madori, na jingina da tukunyar kashe gobara ina ciniki kamar wani babban manomi. Ashe fentinta ɗanye ne. Farar rigata ta Juma'a ta tashi da jan baya.

Mai fentin ko kallona bai yi ba. Dattijo ne siriri, yana tsugune tsakanin durom-durom na guba da buhunan taki, ga janareto na tari a gefensa. Hannunsa na dama duk tabon ƙuna, yatsu biyu sun manne. Ina jin ya taɓa gamuwa da wuta a irin wannan wuri. Da yatsa ɗaya yake ɗaga tukwanen, don babu komai a ciki. An ce gobe jami'ai masu duba kayan kashe gobara za su zo, kuma daga bakin ƙofa suke leƙawa. Tabarmar da yake kwana a kai na naɗe a bayan durom, can nesa da ƙofa.

Na ce, "Baba, ka mai da ni jan zakara fa!"

Ya ce, "Alhaji, taka riga ce, kananzir zai fitar. Ni da fentin nan aka ce in kashe wuta."