Ramuka Biyu a Saman Kujera

Shekara talatin da ɗaya Mai Kushin ya yi yana ɗinka wa kujerun mota riga a shago guda, mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, a bayan layin makanikai. Keken ɗinkinsa na bakin taga, soso na jibge a kusurwa, leda a naɗe a jingine da bango.

Aikinsa tsari gare shi. A kwance kujera, a feɗe tsohuwar riga, a cike soso inda ya lotsa, a yanka sabuwa a ɗinka. Amma kafin duk wannan sai ya danna ɗan maɓalli ya zare matashin kai, wannan da ke tsaye bisa ƙarafa biyu a saman kujera, ya ɗora a kan kantar da ke bangon shagon. Haka wanda ya koya masa sana'a yake yi, haka kuma direbobin haya suke so.

"Cire min abin nan," in ji Dogo, direban da ya fi kowa daɗewa yana kawo masa aiki. "Ni ba barci na zo yi a mota ba. Yana hana ni waiwayawa in yi hira da fasinja."

"Kai da wuyanka ya wuce shi da kamu guda," in ji Mai Kushin. "Ko an bar shi kafaɗarka zai tallafa."

In ya zare, sai ya rufe ramukan nan biyu da soso, ya ɗinke leda a kai sumul, ko ka shafa da yatsa ba za ka gane an taɓa yin rami a wurin ba. Da wannan ake gane aikinsa.

'Yarsa ta fari tun tana shekara biyar take sauko da matasan kan nan ta jera su a ƙasa, ta ɗauki tsinke tana koya musu karatu, wanda ya faɗi ta ce barci yake a aji. Tun daga lokacin yake ce mata Malama. Ta girma ta zama malamar aji huɗu. Da ta sayi 'yar tsohuwar mota, ya karɓe makullin kwana huɗu, ya yi wa kujerun riga ruwan ƙasa, ɗinki biyu-biyu. Matasan kai guda biyu suka hau kan kantar kamar na kowa.

Wata takwas bayan haka, ranar Talata da ƙarfe bakwai da kwata na safe, tana tsaye a danja, bel ɗinta a ɗaure, tifa ta zo ta daki motar ta baya. Gaban motar ko ƙwarzane babu. Ita ma ba jini a jikinta ko ɗigo. Sai dai da aka buɗe ƙofa aka ce ta miƙo hannu, hannun bai taso ba.

A kwana na uku likita ta kira Mai Kushin da matarsa ofis, ta ɗaga hoton ƙashi a gaban fitila.

"Baba, duba nan. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, ɗaya kan ɗaya, laka ta bi ta tsakiyarsu. Kan babban mutum ya kai kilo biyar. In aka daki mota ta baya, kujera ce ke tura gangar jiki gaba, a bar kai a baya. In ba abin da ya tare shi, sai wuya ya lanƙwashe baya fiye da yadda aka halicce shi. Nan, tsakanin na biyar da na shida, lakar ta matsu. Irin wannan ya fi taɓa hannu a kan ƙafa." Ta sauke hoton. "Kujerar ba ta da matashin kai ne?"

"Haka motar take, likita," in ji matarsa.

Mai Kushin ya dubi ƙasusuwan. Ya ƙirga su, bakwai ne kuwa.

Ya jira ya ji wani abu, ko kuka, ko zafin ƙirji. Shiru. Ya koma shago ya ƙarasa kujerar da ya bari. Abinci yana shiga, barci yana zuwa. Magana ɗaya ce kawai ta tsaya masa a maƙogwaro, ba ta fita ba ta koma: shi ya cire, kuma Malama ba ta sani ba.

Kullum ƙarfe huɗu yana asibiti. Ya ba ta shayi da cokali, ya share mata haɓa a saman abin da aka ɗaure mata wuya da shi, ya ba ta labarin layin makanikai. A mako na bakwai ta taka. A na tara aka sallame ta. Hannuwan dai suna nan a cinyarta, tafi a sama. Ta ce ji take kamar aro aka ba ta su. Matar da ke yi mata gashin ƙashi takan sa mata alli tsakanin yatsu, allin ya zame ya faɗi, a ɗauko a sake.

Ran nan Dogo ya kawo sabuwar motar da aka ba shi. Mai Kushin ya kwance kujera, babban yatsansa ya tafi kan maɓalli da kansa. Sai ya tsaya.

"Yaya, ka manta yadda ake yi ne?" in ji Dogo. "Tsufa ya zo ke nan."

"Wannan ba zan cire ba."

"To ni kuma in yi hira da wa?"

"Yi da madubi."

Dogo ya buɗe baki zai rama, ya dubi fuskarsa, ya fasa.

Da la'asar Mai Kushin ya hau kan benci ya sauko da duk abin da ke kan kantar, ya ƙirga sau biyu. Nata suna can gefe, ƙura ba ta gama rufe su ba. Ya sa na wajen direba a leda, ya nufi gida.

Ya same ta a tsakar gida bisa kujera, uwarta ta shiga ciki. Ya fito da abin ya ɗora mata a cinya, ya tsuguna.

"Malama, wannan na motarki ne. Ni na cire. Na ɗinke ramukan."

Ta dube shi da ido kawai, don har yanzu ba ta juya wuya sosai.

"Na sani, Baba."

"Uwarki ce ta faɗa miki?"

"Likita ta tambaye ni tun kafin ta tambaye ku. Na ce haka na saye ta. A shagon nan na girma. Wa ya fi ni sanin inda suke zuwa?"

"Wata uku kina kallona."

"Wata uku kana ba ni shayi ba sukari, ban ce komai ba. Na ga kanka ba ya wurin."

Bai yi dariya ba, ita ma haka. Ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Ta sunkuyar da ido kan matashin. A hankali yatsunta biyu na dama suka ja jiki a kan ledar, suka kai ga ƙarfe ɗaya, suka tsaya a nan ba su iya kamawa ba.

"Guda nawa ne a kantar yanzu?"

"Ɗari biyu da goma sha huɗu. Ban da wanda ke cinyarki."

"Ajin ya cika da yawa," ta ce. "Ka san iyayensu?"

"Wasu."

"To."

Washegari ya sayi littafi mai layi. Ya rubuta kowace mota da ya iya tunawa, launinta da mai ita, ya aika a kira su. Zuwa ƙarshen shekara mota arba'in da ɗaya ta dawo. Kowacce sai ya lalubi saman kujera da yatsa, ya daɗe yana nema, don ɗinkin nasa ne kuma mai kyau ne, sannan ya sa reza ya farke, ya mayar da matashin kai. Mutum tara sun ce ba sa so. Sauran motocin an sayar, ko sun mutu, ko ba a san inda suke ba.

Malama ta koma aji a zango na biyu. Da baki take koyarwa, wata abokiyar aikinta ke yi mata rubutu a allo. Matashin kan yana ɗakinta, a kan akwati. Ya taɓa tambaya ko ya mayar da shi shago, ta ce a bar shi nan.